Laifin ma'aikata ne ko laifin gidan? Amsa ga mai kamfanin casar shinkafa

Tambaya: Ina da kamfanin casar shinkafa a wajen Kano, ma'aikatana sun kusa sittin. Inji ya fara ba da matsala sai a ɓoye mini har ya tsaya cak. Diloli suna dawo mana da kaya saboda tsakuwa da yawan karyayya. Na kori manaja biyu, ba abin da ya sauya. Ɗana da ya karanci harkar kasuwanci ya ce matsalar daga al'adar kamfanin take, har ya sa aka rubuta "Gaskiya, Amana, Inganci" a allo aka kafa a bakin ƙofa. Maganarsa tana da tushe, ko in sallami kowa in ɗebo sababbi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar ɗanka tana da tushe, sai dai allon ba zai yi maka aikin komai ba, kuma sallamar kowa da kowa ita ce mafi tsada cikin hanyoyin da ke gabanka. Idan ka ɗebo sababbi ka zuba su a tsarin da ke nan, ba za a rufa wata shida ba sai sun ɗauki halin waɗanda ka kora. Manajoji biyun da suka tafi ba tare da an ga sauyi ba sun riga sun nuna maka hakan.

Abin da ake nufi da al'adar wurin aiki shi ne darasin da sabon ma'aikaci yake ɗauka a watansa na farko ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. Wa ake ƙara wa girma, kuma da wane dalili? Wa ya yi laifi aka kau da kai? Wanda ya kawo labari maras daɗi, me ya same shi? Yana kallo, yana lissafi, sannan ya daidaita zamansa da abin da ya gani. Mai kamfani ne yake rubuta wannan darasi da hannunsa kullum, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wata masana'antar motoci a garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka wadda ta amsa irin tambayarka a aikace, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta. Ta kamfanin General Motors ce, kuma a farkon shekarun 1980 ta yi ƙaurin suna a matsayin ɗaya daga cikin mafi lalacewa a duk kamfanin. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki a rana, ranar Litinin kuwa abin ya fi muni. Ana shan giya a bakin aiki. Wanda ya ji haushin shugabansa sai ya jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, don ta riƙa ƙara ta dami wanda ya saya. Yajin aiki ba ya buƙatar sanarwa. A 1982 kamfanin ya gaji ya rufe ta.

A 1984 aka sake buɗe ta bisa haɗin gwiwar General Motors da Toyota, da sabon suna NUMMI, ragamar gudanarwa kuma a hannun Toyota. Ƙungiyar ƙwadago ta dage sai an dawo da mutanenta, aka amince. Kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa shaidar ba su da amfani, har da shugabannin ƙungiyar da suka saba jan ragamar rigima. Ginin bai sauya ba, mutanen ma su ne. Amma cikin shekara biyu ingancin motocin da ke fitowa daga can ya kusa kamo na masana'antar Toyota da ke Takaoka a Japan, ya kuma shiga gaban sauran masana'antun General Motors na Amurka. Rashin zuwa aiki ya sauko zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100.

Me aka yi musu? An kwashi ɗaruruwansu zuwa Japan suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan Toyota, kuma abin da ya fi girgiza su a can wata igiya ce. A tsohon tsarinsu, babbar doka ita ce layin haɗa mota ba ya tsayawa. Ka ga an ɗaura noti a karkace, ka bar shi ya wuce, a gyara daga baya a filin gyara, idan an gano ke nan. Wanda ya tsayar da layi ya jawo wa kansa fitina, domin su ma shugabannin masana'antar da yawan motocin da suka fito ake auna su. A tsarin Toyota kuwa, igiya tana rataye a saman kowane ma'aikaci. Ya ga kuskure, ko aiki ya sha kansa, sai ya ja. Fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya rugo ya taya shi, idan abin bai gyaru cikin ɗan lokacin da aka ware ba layi ya tsaya. Ba a tambayarsa don me ya ja da sigar tuhuma. Tambayar ita ce me ya kawo matsalar, kuma yaya za a hana ta dawowa.

Abu na biyu alkawari ne da aka rubuta cikin yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, cewa ba za a rage ma'aikata ba sai idan rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka sai an fara taɓa albashin manya. Ma'aikata ba su gaskata ba da farko, kuma ba su yi laifi ba. A 1988 ciniki ya faɗi, masana'antar ta koma aiki da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta. Ba a sallami kowa ba. Waɗanda ba su da abin yi aka mai da su horo da aikin gyare-gyare. A ganina wannan shekarar ce ta kafa al'adar wurin fiye da duk tafiye-tafiyen Japan, domin a ranar wuya ne ma'aikaci yake gane ko maganar ubangidansa magana ce.

General Motors ta yi ƙoƙarin kwafar tsarin a wata masana'antarta da ke Van Nuys, a Kalifoniyar dai. An kawo salon aikin, an kawo sunayen, amma ma'aunin da ake auna shugabanni bai sauya ba, amana tsakaninsu da ma'aikata ma ba ta ƙullu ba. Abin bai kama ba, aka rufe masana'antar a 1992. Allon bakin ƙofarka ɗan'uwan wannan kwafi ne.

To mu dawo casa. Ka tuna karo na ƙarshe da mai kula da inji ya zo ya ce maka, ko ya ce wa manaja, boris ya fara ƙara ko rariya ta yage. Me aka ce masa? A yawancin kamfanonin da nake shiga, amsar ɗaya ce cikin biyu: ko a rufe shi da faɗa a gaban yaransa, ko a ce shi ya lalata, a cire kuɗin gyara daga albashinsa. Mutumin da ya san haka za a yi masa, hikimarsa ita ce ya lallaɓa injin har lokacin tashinsa ya yi, ya mutu a hannun masu aikin dare. Su ma masu aikin daren lissafinsu ke nan. Gyaran da zai ci kuɗi kaɗan da awa guda sai ya zama na kwanaki, ga shanshera a jibge, ga diloli suna jira. Kai kana ganin ha'inci, su kuwa suna kare abincin 'ya'yansu ne daga hukuncin da kai ka shimfiɗa. Idan kana cire kuɗin gyara daga albashi, ka dakatar da shi tun yau, sai fa a kan ganganci da aka tabbatar. Ka sanar cewa duk mai kula da inji yana da ikon tsayar da shi idan ya ji abin da bai yarda da shi ba, sannan ka jira mutumin farko da zai gwada ka. Yadda ka karɓe shi, kowa a gidan zai ji kafin la'asar.

Batun tsakuwa da karyayya kuma, ina zargin ma'aunin da kake biyan lada a kansa. Kafin in faɗi dalili, ga labarin bankin Wells Fargo na Amurka. Bankin yana da ɗan littafi na manufofi da kyawawan ɗabi'u da ake raba wa ma'aikata, cike da maganar gaskiya da fifita abokin hulɗa. Amma abin da ake auna ma'aikacin reshe da shi shi ne yawan asusu da katunan da ya buɗe wa mutane, burin shugabanni kuma kowane gida ya mallaki hajar bankin har guda takwas. Wanda bai cika adadinsa ba yana fuskantar tsangwama da kora. Sai ma'aikata suka shiga buɗe asusu da sunan mutane ba tare da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 abin ya fashe. Hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an buɗe asusu da katuna kusan miliyan 2 ba da izini ba, adadin da daga baya ya haura zuwa miliyan 3.5, kuma bankin ya kori ma'aikata kusan 5,300 a tsawon shekaru saboda wannan aika-aika. Ka ji fa, shekaru ana kora, ana ɗaukar wasu, sababbin suna maimaita abin da tsofaffin suka yi, domin adadin da aka ɗora musu yana nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka a watan Oktoba na shekarar. A 2018 babban bankin Amurka ya hana Wells Fargo ƙara girman kadarorinsa, takunkumin da bai tashi ba sai 2025, a 2020 kuma Wells Fargo ya amince ya biya wasu dala biliyan 3. Kuɗin da ya tatsa daga asusun bogin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da wannan asara.

Idan a kamfaninka abin da ake yaba wa rukuni da shi shi ne buhu nawa suka fitar kafin su tashi, to buhu za ka samu. Shanshera da ba ta gama bushewa ba za a tura ta inji, alhali casa ta fi kyau idan danshinta ya sauko kusan kashi 14 cikin 100. Ta yi danshi da yawa ko ta bushe fiye da kima, karyewa za ta yi. Za a ƙara wa injin tsince tsakuwa lodi fiye da ƙarfinsa. Ba za a tsaya share rariya ba, domin minti ashirin ɗin nan buhuna ne. Babu wanda ya yi niyyar cutar ka a cikinsu, abin da ka nuna kana so suke ba ka. Ka sa lamba a kowane buhu da za ta nuna ranar da aka casa shi da rukunin da ya yi aikin. Ladan ƙarin ƙoƙari ya rataya a kan kayan da suka tafi ba su dawo ba, da yawan tsayayyar ƙwaya da aka samu daga kowane buhun shanshera, yawan buhu ya biyo baya. Haka ma wanda kake aikawa sayen shanshera. Idan arha kaɗai kake yaba masa, mai ƙasa da danshi zai riƙa kawo maka, a zo a ɗora wa masu inji laifin da aka yi tun a kasuwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, kuma sai an faɗe shi. An rene mu da kunya da girmama na gaba, abu ne mai kyau, amma a masana'anta yana iya toshe wa maigida kunne. Ka tambayi yaro ya aiki, ya durƙusa ya ce lafiya lau ranka ya daɗe, alhali tun safe janareta ke hayaƙi. Ba ƙarya yake nufin yi ba, bai ga dacewar ya ɓata wa babba rai ba ne. Kada ka ɗauka mu kaɗai ne da wannan ciwo. Lokacin da Alan Mulally ya karɓi shugabancin kamfanin Ford a 2006, shekarar da kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 12, ya kafa taron manyan shugabanni duk ranar Alhamis, kowa ya nuna halin da sashensa ke ciki da launi: kore lafiya, rawaya akwai damuwa, ja akwai matsala. Makonni ana zuwa, kowa kore yake nunawa, a kamfanin da ke nutsewa. Ranar da Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya nuna ja a kan wata sabuwar mota da aka dakatar da fitar da ita saboda matsala, ɗakin ya yi tsit, ana jiran a ga korarsa. Mulally ya tafa masa, ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. Makonnin da suka biyo baya takardun suka cika da ja da rawaya. Ford ce kaɗai cikin manyan kamfanonin motoci uku na Amurka da ba ta nemi kotu ta kare ta daga masu bin ta bashi ba a 2009, ko da yake bashin da ta ciwo tun da wuri ya taimaka ƙwarai, kuma Fields ɗin ne ya gaji kujerar a 2014.

Saboda haka ka daina tambayar ya aiki. Ka tambayi abin da ba a amsa shi da lafiya lau: awa nawa inji ya tsaya jiya, wane kayan gyara ne ya kusa ƙarewa a sito, wane dila ne ya yi ƙorafi a makon nan. Ka yi shi a tsaye, minti goma kowace safiya, tare da manaja da masu inji da mai sito. Kuma ka rabu da ɗabi'ar ajiye ɗan rahoto a ɓoye. Na san masu kamfani da yawa suna jin ba za su iya barci ba sai da wani yaro da ke kawo musu gulmar ma'aikata da daddare. Ribar da ake samu a nan kaɗan ce. Kowa ya san da shi, kowa ya kama bakinsa, shi kuma ya koyi sayar da labarin da ya san kana son ji.

Sauran maganar tana da ɗaci, amma ka yi haƙuri da ni. Ma'aikata suna kallon yadda kake yi da dukiyar kamfanin da kuma 'yan'uwanka. A ranar 14 ga Agusta 2009, gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Intercontinental da Oceanic da Union Bank da Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Cikin abubuwan da binciken ya nuna har da tarin bashin da ba a biya, da raunin sa ido a kan masu riƙe da ragama. Bankunan suna cike da ƙwararrun akantoci da masu bincike, amma ilimin na ƙasa ba ya tsayar da na sama a gidan da ba a saba yi wa shugaba tambaya ba. Ƙaramin hoton wannan shi ne maigida ya aiko direba wurin kashiya a ba shi dubu ɗari biyar ba tare da takarda ba. Kuɗinka ne, ba wanda ya musa. Amma mai sito ya gani, ya fahimci cewa a gidan nan rubutu na ƙananan mutane ne, gobe buhu biyu su fita ba a rubuta ba. Ka yanka wa kanka albashi, abin da ka ɗauka bayan shi a rubuta, ka sa hannu kamar kowa.

Haka batun ƙani ko ɗan 'yar'uwa da ke zuwa aiki ƙarfe goma ba mai iya ce masa uffan. Taimakon dangi wajibi ne, ba na cewa ka kore su. Amma ko dai su bi dokar da kowa ke bi, ko ka ɗauki nauyinsu daga aljihunka su zauna a gida, wanda sau da yawa ya fi arha. Hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata aka nemi a yi mata alfarma sananne ne, inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Ɗanka ma, idan zai shiga gudanarwa, ya fara da zuwa kafin kowa. Albashi kuwa ya fita ranar da aka ce zai fita. Ba ka da bakin neman amana daga wanda kake riƙe wa haƙƙi har goma ga wata.

Kada kuma in yi maka alkawarin da ya wuce gaskiya. Kyakkyawar al'ada ba ta rage kuɗin dizal, ba ta hana shigo da shinkafar waje, ba ta saukar da farashin shanshera. NUMMI ɗin da na yaba, General Motors ta janye daga cikinta a 2009 lokacin da ta faɗa fatara, aka rufe ta a 2010, yanzu kamfanin Tesla ne ke haɗa motoci a wurin. Masaƙun Kano da Kaduna ma ba rashin tarbiyyar ma'aikata ne ya rufe su ba. Abin da al'ada ke yi shi ne, cikin kamfanoni biyu da ke sayen dizal da shanshera a farashi ɗaya, ita ke raba wanda injinsa ke yawan tsayawa da wanda nasa ke aiki, wanda dila ke ɗaukar kayansa ido rufe da wanda sai an farke buhu an duba. A sana'ar da ribarta ke da siriri kamar casa, wannan tazarar ta isa ta tsayar da ɗaya ta kayar da ɗaya.

Kora ma tana da wurinta. Bayan ka gyara naka ɓangaren, za ka ga mutum biyu ko uku da ba za su sauya ba, galibi waɗanda tsohon tsarin ke yi wa daɗi: mai karɓar na goro wurin masu kawo shanshera, ko shugaban rukunin da ke danne yaransa don kada maganarsu ta iso gare ka. Waɗannan ka sallame su, ka biya su haƙƙinsu cif, kowa ya san dalili, ko da kuwa ɗaya cikinsu shi ne ya fi kowa fitar da buhu.

Ka samu littafi guda ka fara rubuta abu uku daga wannan makon: awannin da inji ya tsaya, buhunan da diloli suka dawo da su, da yawan karyayya a kowace casa. Ka ba abin wata shida kafin ka yanke hukunci a kan kowa. A watan farko da na biyu rahoton matsala zai ƙaru sosai, har ka ji kamar gidan ya ƙara lalacewa. Matsalolin da ma suna nan, fitowa fili suka fara yi, don haka ka tanadi ɗan kuɗin kayan gyara tun yanzu, domin idan suka kawo rahoto sau biyu ba a gyara ba, ba za su kawo na uku ba.